Ranar Da Na Leƙa Jakar Hassi

Kun daɗe kuna jin ana cewa tsoron bam ne ya raba ni da makarantar matan aure. Har Saratu takan tsokane ni da shi idan an zauna hira, ta ce Inna ta ji faɗuwar murfin tukunya ta ajiye boko. Nakan yi dariya tare da ku, domin dariyar ta fi mini sauƙi. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya roƙe ni kada in tayar da maganar nan yana da rai, na kuwa riƙe masa alkawari. Yanzu shekararsa uku da rasuwa, ni ma gwiwoyi sun fara yi mini sallama, don haka gara ku ji daga hannuna, da ɗan rubutun da na samo a can, duk da bai kai ya kawo ba.

Ina da shekara arba'in da takwas na shiga makarantar. Autanku ya tafi makarantar kwana, gida ya yi mini faɗi, kuma na gaji da miƙa wa 'ya'yan maƙwabta takardar asibiti su karanta mini ciwona. Babanku a lokacin yana jan motar haya tsakanin Kaura da Shinkafi, bai hana ni ba, cewa kawai ya yi in tabbata ya tarar da tuwo. Ajinmu ɗaki ne dogo mai tagogi huɗu, duk an gitta musu ƙarfe, ƙofa kuwa ɗaya ce mai murfi biyu, amma ɗaya murfin ya kumbura tun wata damina ya ƙi buɗuwa, aka bar shi haka. Mu kusan arba'in ne a ciki, daga masu goyo har irinmu masu jikoki. A bencin gaba, dab da ƙofa, akwai wata yarinya mai suna Luba, cikinta ya kai wata bakwai, malamarmu Malama Asabe ta zaunar da ita nan saboda yawan fita bayi. Ni kuwa ina can baya, benci ɗaya da Hassi.

Hassi mutuniyar Jangeru ce, mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo Kaura tana zaune gidan wanta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, idan kuma ta yi sai ka ji harshen bakin iyaka, makaranta ma lakwal take ce mata, matan aji su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Ungozoma ce ta gado, tun tana budurwa take bin tsohuwarta gidajen haihuwa, abin da ya kawo ta boko shi ne tana so a ɗauke ta a asibitin garinsu, an ce sai mai iya cika takarda. Ta girme ni a lissafi, na girme ta a shekaru, Yaya Rabi take ce mini. Ƙosanmu ɗaya, ruwanmu ɗaya. Duk wanda ya san mu a shekarar nan zai ce muku ban da wata ƙawa da ta wuce ta.

Sai ku tuna irin shekarar da ake ciki. Ba a kunna rediyo da safe ba a ji an ce bam ya tashi a wani gari ba, yau kasuwa, gobe tasha, jibi makaranta. Mu nan bai taɓa zuwa mana ba, amma yana cikin kowane baki. Ana laluba maza a ƙofar masallacin Juma'a, a tasha ana kwance kayan fasinja, shugabar makarantarmu kuma ta tara mu ta ce duk wadda ta ga jaka ko ƙunshin da hankalinta bai kwanta da shi ba ta faɗa nan take, kada ta ji kunyar kowa.

Wata Litinin babanku ya dawo daga Shinkafi da wani ƙullin buhu an ɗaure shi tam da igiya. Ya ce a tasha wani ya ba shi, saƙo ne daga wata tsohuwa a Jangeru zuwa ga Hassi, tunda an san matarsa ajinsu ɗaya. Washegari na ɗora a ka na kai mata. Yana da nauyi ƙwarai, har na tsokane ta na ce ko dutsen niƙa tsohuwa ta aiko mata. Ta yi dariya, ta yi godiya, da aka tashi ta wuce da shi gidan wanta. Ban tambayi abin da ke ciki ba, ita ma ba ta faɗa ba, domin saƙon mutum ba abin bincike ba ne. Ranar Alhamis sai ta zo da wata jaka mai ratsin ja da fari, irin ta matafiya, ta tura ta ƙarƙashin bencinmu. Ban kawo komai a raina ba.

Hantsi ya ɗaga, Malama Asabe tana rubutu a allo, aka aiko kiran Hassi ofis kan hoton jarrabawa. Ta fita. Can bairona ya faɗi, na sunkuya in ɗauka, sai idona ya faɗa cikin jakar, domin zif ɗinta ya lalace, bakinta a buɗe yake. Na ga wani baƙin akwati, na ga wayoyi ja da baƙi sun nannaɗe shi, a gefe kuma wani ɗan ƙaramin abu mai wuta ja yana ƙyaftawa. Ya ƙyafta, ya tsaya, ya ƙyafta. Har yau ban san daɗewar da na yi a sunkuye ba. Na ji kunnuwana sun toshe, kamar an tsoma kaina cikin randa. Ban tuna Hassi ba, ban tuna ƙosan da muka ci da safe ba, ban tuna komai ba sai muryar mai karanta labarai. Na ɗago, bakina ya yi magana ba da izinina ba, a hankali, ba da kowa ba.

"Bam."

Matar da ke gabana ta waiwayo.

"Mi kic ce?"

Na nuna ƙarƙashin benci da yatsa. Ta leƙa. Ita ce ta kurma ihun, amma kalmar tawa ce.

Abin da ya biyo baya, ko yanzu idan na rufe ido ina ganinsa guntu-guntu. Benci ya kife. Mata arba'in suka miƙe lokaci ɗaya suka nufi rabin ƙofa. Wasu suka yi tagogi suna jijjiga ƙarfe da hannu. Na ji Malama Asabe tana cewa a hankali, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sai muryarta ta nutse. Ana salati, ana kiran sunayen 'ya'ya. Wani hijabi ya maƙale a ƙusa, mai shi ta zare kanta ta bar shi. Ni da na fi kowa nisa da ƙofa ban san yadda aka yi na isa ba, na dai san na sa kafaɗa na tura, ni da nake ganin kaina dattijuwa. A bakin ƙofa ƙafata ta taka wani abu mai laushi. Ban duba ba. Shekara goma sha biyu ke nan ina gaya wa kaina cewa jakar wata ce.

A waje sauran azuzuwa sun riga sun fashe. Akwai wata bishiyar darbejiya da ake barin yara ƙanana wurin wata tsohuwa mai raino, iyaye suka yi kanta, kowa ta suri wanda hannunta ya kai, har wata ta kai bakin titi da ɗan wata kafin ta gane. Maganar ta riga mu isa kasuwa, na ji ana jan ƙofofin shaguna, masu babura suna juyawa. Na yi ta gudu ban san inda na nufa ba, sai da na ga kaina a kan layin dogo, takalmi ɗaya a ƙafa, bairon nan kuma yana damƙe a hannuna. Na tsaya ina jiran ƙarar. Na toshe kunne ina jira. Ba abin da ya tashi sai tsuntsaye.

Da numfashina ya dawo na koma a hankali, na tsaya nesa cikin jama'a. Jami'an tsaro sun zo, sun ja igiya sun zagaye makarantar. Na ga an fito da Luba a kan tabarma, mutum huɗu sun kama, zaninta jina-jina, aka sa ta a bayan wata akori-kura. Sannan na ga Hassi. Ta ratso mutane tana nufar igiyar, tana nuna ƙirjinta, tana magana. Daga inda nake ban ji ba, daga baya aka gaya mini cewa take yi jakarta ce, a bar ta ta shiga ta ɗauko, batirin sola ne na tsohuwarta da ɗan akwatin cajinsa, ya lalace aka aiko ta kai wa mai gyara a kasuwa bayan an tashi. Jama'a ba su ji batir ba, jakarta ce kawai suka ji. Na ga taron ya yi kanta kamar ruwa ya fasa gona. Wani ya ce baƙuwa ce, ku ji harshenta. Dutse ya same ta a goshi. Jami'an suka kewaye ta suka tura ta cikin mota, kuma na yi imani da ba su yi haka ba da ba ta kai azahar ba. Kafin a rufe motar ta ɗaga kai tana duba mutane, kamar mai neman fuskar da ta sani. Na ja hijabina na rufe rabin fuska, na koma bayan wata mata.

Babanku ya dawo tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya shigo bai yi sallama ba, ya tarar da ni zaune a ƙofar ɗaki da takalmi ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi hamdala, sannan ya zauna a kan turmi, shi da ko kujerar tsakar gida ba ya zama.

"A tasha an ce masu kwance bam sun buɗe jikkar, ba bam ba ne," in ji shi. "Batirin sola ne. An ce daga Jangeru anka aiko shi."

Ya juyo ya dube ni.

"Rabi, buhun nan da na zo da shi ran Litinin. Kin san abin da ke cikinai?"

Sai a lokacin nauyin buhun ya dawo mini a tsakar ka. Ni na ɗauko shi. Da kaina na kai shi har ƙofar makaranta, ina raha.

"Malam," na ce, "ni na faɗa."

"Kin faɗi mi?"

"Ni na leƙa na gani. Ni na ce bam ne."

A zaman da muka yi da babanku ban taɓa ganin fuskarsa irin ta ranar ba. Bai yi faɗa ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sannan ya tambaye ni ko wani ya ji. Na ce mace ɗaya. Ya ce wa na gaya wa bayan ita. Na ce shi kaɗai. Kafin magariba labarin Luba ya iso unguwa: ɗan ya zo babu rai, namiji, ita kuma ƙugunta ya goce. Maƙwabciyarmu da ta kawo labarin ta tsaya a zaure tana tsine wa wadda ta kawo jakar da wadda ta fara ihu, ni kuma ina cewa amin da baki.

Ran Juma'a da safe Baba Ummaru ya zo, wan babanku, wanda kuka sani da fataucin hatsi. Babanku ya gaya masa komai, domin tun rasuwar mahaifinsu ba ya yanke magana sai da shi. Aka kira ni, na durƙusa daga gefe.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Wanga zamani ba a kai kai ga hukuma. Duk wanda sunansa ya shiga takarda da maganar bam, ko an wanke shi bai wankuwa. Kai direba ne, kullum kana bakin iyaka. Ka je ka ce kai ka ɗauko batir da waya daga Shinkafi, wa zai tsaya jin sauran bayani?"

Na ce, "Yaya, ai sun ga ba bam ba ne. Mi ya sa ba su sake ta ba?"

"Don da irin kayan nan ake haɗa shi. So suke su san wa ya kawo, ta wane hannu ya biyo. Ita ta sani, ta faɗa musu mana. In ta ambace ku, sai mu san abin yi. In ba ta ambata ba, Allah ne ya rufa muku asiri, kada ku yaye da hannunku. Kuna da ɗiya mata da ba su yi aure ba."

Babanku ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani sashe na zuciyata ya ji daɗin maganar, domin ta ba ni inda zan fake.

Kwana huɗu na yi a haka. Na ƙona tuwo sau biyu. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ce jami'an ne. Saratu, ke kina gida a lokacin, kin tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na ce eh. Babanku yana fita aiki yana dawowa, ba ma haɗa ido. Muna jiran Hassi ta faɗi sunanmu, har na ƙosa ta faɗa a huta. Ba wanda ya zo.

Ran Lahadi da yamma matar wan Hassi ta shigo, idanunta sun kumbura. Ba zargi ya kawo ta ba, ba ta san komai ba, ta zo ne don ta san ni ce ƙawarta. Ta ce tana kai mata abinci, an ɗinke goshin, ba a taɓa lafiyarta ba, amma tambaya ɗaya ake maimaita mata.

"Sun ce ta faɗi direban da ya kawo. Tac ce a tasha ta amsa, ba ta san sunanai ba, ba ta riƙe fuskarsa ba. Mun roƙe ta ta tuna, ta ce ta manta. Yanzu an ce in ba a samu wanda ya kawo ba, ran Talata za a wuce da ita Gusau."

Na raka ta zaure na dawo na zauna. Ba a tasha ta amsa ba. A hannuna ta amsa, a ƙofar makaranta, ta san sunan babanku, ta sha cin abinci a gidan nan. Kwana huɗu tana zaune a ɗakin da ba nata ba, da ɗinki a goshi, tana yi wa hukuma ƙarya don kada a taɓa mu, mu kuma muna nan muna addu'ar ta ci gaba da yin shiru.

Litinin da sassafe na yi wanka na sa hijabi. Babanku yana goge gilashin mota a ƙofar gida. Ya dube ni ya gane.

"In kin tahi, da ni kika tahi," in ji shi.

"Na sani, Malam."

"Kin ji abin da Yaya ya ce."

"Na ji. In ka hana ni, ba ni ƙetare maganarka. Amma ran Talata za a wuce da ita."

Ya ci gaba da goge wuri ɗaya a gilashin nan. Sannan ya ninke tsumman, ya buɗe mini ƙofar gaba. Ina so ku riƙe wannan game da babanku. Tsoro yake ji har muka isa ofishin jami'an tsaro, amma shi ya fara shiga, shi ya fara ba da sunansa.

Ni an sallame ni da azahar. Shi sai da ya kwana biyu, aka je Shinkafi aka nemo wanda ya ba shi saƙon, aka je Jangeru aka ga tsohuwar da farantin solarta a kan rufin ɗaki, sannan aka sake su duka. Amma maganar Baba Ummaru ba ta faɗi ƙasa ba. A tasha aka laƙa wa babanku suna, Bello mai bam, da wasa aka fara, wasan ya zauna. Fasinja ya leƙo ya ga shi ne, ya ce zai jira ta baya. Layin da ya yi shekara ashirin yana bi, ya san kowane rami da kowane mai shayi a kansa, haka ya bar shi ya koma ɗaukar hatsi daga ƙauyukan Zurmi, aikin da ya karya masa baya. Baba Ummaru kuwa shekara biyu bai taka gidanmu ba. Kun ɗauka rigimar gonar gado ce ta hana shi zuwa ɗaurin auren Saratu. Ba ita ba ce.

Ga kuma abin da ya fi. A gaban jami'an rabin gaskiya na faɗa. Na ce ni na kai buhun. Ba su tambaye ni wa ya fara cewa bam ba, ni ma ban faɗa ba. Dangin mijin Luba suna ta cigiyar wadda ta tayar da ihun, shi ya sa babanku ya roƙe ni in binne maganar. Da aka buɗe makaranta na koma sau ɗaya. An gyara ƙofar, murfi biyu suna buɗe. Matar nan da ke gabana ta waiwayo, muka haɗa ido, kowa ta kawar da kai, ita tana riƙe da asirina, ina riƙe da nata. Malama Asabe ta kira suna, ta zo kan Luba ta tsallake, ta zo kan Hassi ta tsallake. Da aka tashi na tattara littattafaina, ban sake komawa ba. Ba wanda ya hana ni.

Hassi kuwa, ranar da aka sake ta wanta ya sa ta a mota zuwa Jangeru, ya ce Kaura ba ta zaunuwa gare ta. Ba mu yi sallama ba. Sai bayan an yi girbi na roƙi babanku ya kai ni. Na tarar da ita a bayan gida tana sheƙar gero, tabon yana nan a goshinta kamar an ja layi da alli. Ta ajiye ƙwarya ta rungume ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Tsohuwarta ta fito tana sa mini albarka, wai mun fitar mata da ɗiya. Kowace albarka kamar ana ɗora mini dutse. Da tsohuwar ta shiga ciki na tambayi Hassi abin da ya sa ba ta faɗi sunanmu ba.

"Alheri kunka yi mini," in ji ta. "Mutum ya ɗauko maka kaya kyauta, ka saka mai da wanga? Ni ba ni da miji, ba ni da ɗiya. In an riƙe ni, ni ɗaya anka riƙe."

Na ajiye ludayin.

"Hassi, akwai abin da ba ki sani ba. Ni na leƙa jikkarki. Ni na ce bam ne."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta buɗe baki, na ga tana son ta yi dariya, ta ga ba wasa nake ba. Hannunta ya tafi goshinta. Ta tashi ta koma wurin geronta, ta ɗauki ƙwarya ta ci gaba da sheƙa, iska tana kwashe ƙaiƙayi tana watso mini, ban matsa ba. Sai da ta gama tarin nan kaf ta dawo ta zauna, ba kusa da ni ba.

"Kin ga wayoyi kin ji tsoro, wanga kowa na iya yi," in ji ta. "Amma Yaya Rabi, jikkata ce. Benci ɗaya muke. Ba ki ce bari Hassi ta dawo in tambaye ta ba?"

Na roƙe ta gafara ina kuka. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma na san da gaske take, domin Hassi ba ta faɗin abin da ba ya ranta. Amma ba ta sake ce mini Yaya ba har muka tashi. Ta rako ni bakin mota, ta sa mini ƙullin daddawa a cinya, sannan ta sunkuyo ta taga.

"Kin gaya ma Luba?"

Na ce a'a.

"To ba wurina hakkin yake ba. Ni kwana shida na yi na hito. Ita nata bai dawo ba."

Hassi ba ta samu aikin asibitin ba, amma har ƙarfinta ya ƙare ita ake kira a gidajen haihuwa na yankinsu. Mun ci gaba da aika wa juna gaisuwa ta bakin direbobi, ba mu sake zama tabarma ɗaya ba.

Luba tana Zurmi, can mijinta ya mayar da ita bayan ta warke. Tana ɗingishi har yau. Allah ya ba ta 'ya'ya mata uku, namiji bai sake zuwa ba. Duk shekara ina da hujja: da farko alkawarin babanku, bayan rasuwarsa takaba, bayan takaba na ce hanya ta lalace, ba a bin ta sai da tsoro. Hujjojin duk gaskiya ne, kuma duk na ji daɗin samunsu. Ban san abin da za ta ce ba. Tana iya kora ta, tana iya tara mini danginta, kuma sunan da za a kira ku da shi bayan nan ban san shi ba, shi ya sa na ga hakkinku ne ku riga kowa ji.

Na san abin da za ku ce game da hanya da kuma hawan jinina. Ku ajiye shi. Saratu, ki gaya wa mijinki ina son mota ran kasuwar Zurmi mai zuwa, mu bi ayari da safe. Na riga na aika wa Luba cewa ina tafe, kuma na ce a gaya mata ba gaisuwa ce kawai ta kawo ni ba.